Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Turanci Na Makarantun Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai 'yan'uwana, ina gajiya, ya fama da yara? Allah ya taimaka, ya sa albarka a cikin abin da ake samu. Mai rubuto muku wannan wasiƙa ɗayanku ne. Na sha ƙurar alli shekara da shekaru kafin in ajiye aiki, na san ajin da yara suka fi kujeru yawa, na san maki littattafai har tsakar dare, na kuma san yadda wata yake tsawo idan albashi ya makara. Saboda haka duk abin da zan faɗa, da ni da ku nake.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami jikata ce. Tana aji biyu na babbar sakandare. Wani dare bayan sallar Isha'i na same ta a kan tabarma, ta jingina fitilar caji da bango, tana rera wani abu tana kaɗa kai kamar mai biya allo. Na leƙa littafin, sai na ga jerin ɗafa-ƙeya na Turanci ne, wato guntayen da ake liƙawa a ƙarshen kalma, ya cika shafi biyu: -ly, -ness, -hood, -dom, -tion, -ment, har ƙasa. Na ce mata, “Uwata, wannan -hood ɗin da ke cikin childhood, me yake nufi?” Ta ce, “Kaka, ba a faɗa mana ba, cewa aka yi mu haddace, gobe akwai gwaji.” Da na juya shafi kuma sai na ga an sa su sun rubuta, har da jan layi a ƙasa, wai kalmar news an samo ta ne daga haruffan farko na North, East, West da South, domin labari daga kusurwoyi huɗu na duniya yake zuwa.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Ni ma na taɓa rubuta wannan magana ta news a kan allo da hannuna, don haka na ji ta daga malamina, kuma ba gaskiya ba ce. Kalmar jam'in new ce kawai, wato sababbin abubuwa, kamar yadda Faransawa ke cewa nouvelles. Abin da ya fi damuna shi ne, mun ba yara tatsuniya a inda gaskiyar ta fi tatsuniyar daɗi, sannan a inda ake da labari na gaske mun ba su hadda tsura.

Ku ɗauki -hood ɗin nan. A Turancin dā kalma ce mai zaman kanta, ana ce mata had, ma'anarta matsayi ko halin da mutum yake ciki. Yau da gobe ta manne a bayan wasu kalmomi har ta daina tsayawa ita kaɗai. Na ce wa yarinyar, “Yaro da yarinta, ɗan'uwa da 'yan'uwantaka, maƙwabci da maƙwabtaka, me kika gani?” Ta yi shiru, can sai ta ce, “Au, ashe -hood shi ne -taka ɗinmu!” Ko minti biyu ba a yi ba, kuma na tabbata ba za ta sake mantawa ba. Na ƙara mata da cewa neighbourhood ma da farko maƙwabtaka take nufi, wato zaman kirki tsakanin maƙwabta, daga baya ne ta koma nufin unguwa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne -ly. Asalinsa kalmar lic ce, wadda ke nufin jiki ko siffa. Idan aka ce mutum friendly ne, a can asali cewa aka yi yana da siffar aboki. Daga wannan saiwa like ta fito, kuma har gobe Jamusawa Leiche suke ce wa gawa. Yaro zai yi mamakin yadda sunan jiki ya zama guntun nahawu, har sai kun nuna masa shi ma haka yake yi kullum. Kai gaɓa ce ta jiki, amma muna cewa “a kan tebur” da “ni da kaina”. Ciki, baya, baki, gindi, duk jiki ne, amma ga su a “cikin ɗaki”, “bayan kwana uku”, “bakin kogi”, “gindin bishiya”. Haka -dom na kingdom da freedom ya fito daga dom, wato hukunci, wadda ita ce ta zama doom a yau. Shi kuma -less na careless, wanda yara ke ɗauka less ce ta kasawa, daga wata kalma daban ya fito, leas, mai nufin wofi ko rabuwa da abu, dangin loose da lose. Aikinsa aikin “maras” ne, kamar yadda -ful ke aikin “mai”. Yaron da ya riƙe wannan ya sami mabuɗin kalmomi barkatai a rana ɗaya.

Na san yadda yaranmu ke kallon Turanci. Suna ganinsa kamar wani dutse ne da aka sassaƙa tun fil azal, babu aro a cikinsa, babu kuskure, su ne kawai masu kuskure. Wannan tsoro shi ke ɗaure musu harshe a aji. Alhali kuwa da wuya a sami harshen da ya kai shi cin bashi. Ƙabilun da suka kawo shi tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 daga yankunan da ke arewacin Jamus da Denmak suka ƙetaro. Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan teku na Sikandinebiya suka fara kai musu hari, wasu suka zauna suka yi aure, suka bar musu sky da egg da skin, har da wakilan suna they da them da their. Tagar da muke ce wa wundo ma tasu ce, vindauga, ma'anarta idon iska. Sai kuma shekarar 1066, da Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon ƙarnoni. Shi ya sa talakan da ke kiwo ya ci gaba da cewa cow da sheep da calf, amma naman da ake kai wa fada ya zama beef da mutton da veal. Shi ya sa kuma kalmomin mulki da shari'a, irin su court, judge, justice, prison da parliament, duk ta bakin Faransawa suka shigo, suka taho da -tion da -ment da -able da -age.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga ɗan Hausa. Ku tambayi ajinku daga ina muka samo shari'a, hukunci, alƙali, waziri, hakimi, mulki da wasiƙa. Addini da mulki sun shigo mana da Larabci kamar yadda sarauta ta shigo musu da Faransanci. Mun kuma yi wa baƙin kalmomi kaciya irin tamu: muka ɗauki jahili muka ce jahilci, alƙali ya ba mu alƙalanci, malam ya ba mu malanta, da Bature ya kawo lebura muka ce leburanci. Su ma haka suka yi. Beauty baƙuwa ce daga Faransa, suka liƙa mata -ful na gida. Read 'yar gida ce, suka liƙa mata -able baƙo. Ba wanda ya ce an ɓata harshe.

Sai batun juyawar ma'ana, wanda a ganina nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne yara ke tashi daga gyangyaɗi. Nice, wadda ake yabon mutum da ita a yau, ta fito daga nescius ta Latin, wato wanda bai sani ba, kuma lokacin da ta shigo Turanci wajen shekarar 1300 wawa take nufi. Silly ta bi hanyar a juye: da can mai albarka take nufi, ta koma marar laifi, ta koma abin tausayi, ta ƙare a sakarai. Meat kowane irin abinci ne a dā, deer kowace irin dabba, girl kowane ƙaramin yaro, mace ko namiji, starve kuwa mutuwa ce ko da me ya kawo ta, kafin ta taƙaita ga yunwa. Villain, mugun cikin labari, asalinsa talakan da ke noma a gandun mai gari ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya buɗe muhawara a aji kan yadda masu hali ke kallon talaka.

Biyun da na fi so su ne lord da lady. Lord daga hlafweard take, mai tsaron gurasa, lady kuma daga hlafdige, mai kwaɓa gurasa. Duk girman sarautar da ke cikin waɗannan kalmomi, daga madafa suka fito: maigida mai riƙe da rumbu, da uwargida mai tuƙa tuwo. Da na faɗa wa jikata wannan, dariya ta yi har kakarta ta leƙo daga ɗaki tana tambayar me aka samu.

A nan ma muna da namu na kwatantawa, kuma yana cikin aljihun kowa. Waya daga wire take, wato zaren ƙarfe. Ta zama saƙon tangaraho, ta zama tarho, yau ga shi muna kiran abin da ba shi da ko guntun zare da sunan waya. Jirgi na ruwa muka sani, sai ga na ƙasa, sai ga na sama. Su ma broadcast ɗinsu yafa iri ne a gona kafin rediyo ya zo, computer kuma mutum ne mai aikin lissafi tun ƙarni na 17, kafin a ƙera na'urar da ta gaje sunan.

Amma ina roƙonku da hattara a nan. Asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba. Kada yaro ya fita daga aji yana gardama cewa nice na nufin wawa, kamar yadda ba zai hana mu ce wa salula waya ba. Ma'ana tana bakin masu magana na yanzu. Tarihi yana nuna mana hanyar da aka biyo ne.

Hattara ta biyu ita ce kamannin sauti, domin kama da wane ba ta wane. Turanci ya ari kalmomi da dama daga Larabci, wasunsu ma da “al” ɗinsu a manne, kamar yadda muka yi da albasa da alkama da aljanna, kamar kuma yadda 'yan'uwanmu na Nijar suka haɗiye l'école ɗungurungum suka ce lakwal. Algebra daga al-jabr take, daga sunan littafin Alkhawarizmi, masanin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma sunansa ne ya zama algorithm ɗin da ke juya Facebook a yau. Sifiri ɗinmu da zero da cipher uwarsu ɗaya, haka sukari da sugar, haka gahawa da coffee. Amma alkali na darasin kimiyya ba shi da haɗi da alƙalin kotu ko kaɗan: na farko daga al-ƙali yake, tokar wasu tsirrai, na biyu daga al-ƙadi. Haka aka daɗe ana cewa boko daga book take, har Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin jabu ko na yaudara, irin wadda ke cikin “amaryar boko”. Idan ba mu tabbatar ba, mu duba ƙamus kafin mu hau allo.

Ga wata da za ta sa 'yan matan ajinku su gyara zama. Alcohol daga al-kuhl take, wato kwallin da suke sawa a ido. A Turai kalmar ta fara da nufin garin kwalli, ta koma kowane gari mai laushi ƙwarai, ta koma tataccen ruwan da ake samu ta hanyar turara abu, a ƙarshe ta tsaya a kan sinadarin da ke cikin giya. Daga nan aka sami alcoholic. Sai mutane suka datse kalmar a inda ba gaɓa, suka ciro -holic, suka mai da shi sabon ɗafi mai nufin wanda abu ya zame masa jaraba, aka sami workaholic da shopaholic. Irin wannan datsa ba ta da iyaka. Apron da can napron ce, 'yar'uwar napkin, sai “a napron” ta koma “an apron” a kunnen jama'a. Mu ma da mechanic ya iso mana, kunnenmu ya ji farkonsa kamar ɗafa-goshi, wato guntun da ake liƙawa a farkon kalma, muka ce bakanike, jam'i kanikawa, tamkar Bakano da Kanawa.

Wasu ɗafe-ɗafen ma a gaban idonmu aka haife su. Watergate sunan wani rukunin gine-gine ne a Washinton, inda aka fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a 1972, abin da ya kai ga murabus ɗin Shugaba Nixon na Amurka a 1974. Tun daga nan duk wata badaƙala sai a liƙa mata -gate, har a jaridunmu na Najeriya, alhali ba ƙofa a cikin zancen. Hollywood unguwa ce a birnin Los Anjeles, sai -wood ya zama sunan masana'antar fim, aka yi Bollywood, aka yi Nollywood, aka yi Kannywood. Ku gaya wa yaranku cewa a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitar da shi a 1884 ba a kammala ba sai 1928, ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, kuma Kannywood na ciki, tare da okada da danfo da buka. Daga baya suya da kobo ma sun shiga. Ita kobo tafiya ta yi ta dawo: copper ce ta Bature, ta zama kwabo a bakinmu, ta hau kuɗin ƙasa tare da naira a 1973, ta koma ƙamus ɗinsu da sabuwar riga. Yaron da ya ji wannan zai san cewa shi ma yana da hannu a cikin harshen nan.

Ko rubutun Turanci da ke wahalar da su yana da dalili. Harafin k da gh na knight dā ana furta su. Lokacin da Wiliyam Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476 furuci yana tsakiyar sauyawa, rubutu ya fara daskarewa, baki ya ci gaba da tafiya. Harafin b na debt kuwa masana ne suka cusa shi daga baya don a tuna da debitum ta Latin, ba a taɓa furta shi ba. Caxton da kansa ya ba da labari a 1490 cewa wani falke ya sauka a gaɓar Kent, a kudancin Ingila, ya nemi wata mata ta sayar masa da “egges”, ta ce ita ba ta jin Faransanci, sai da wani ya ce “eyren” sannan ta gane ƙwai ake nema. Duka biyun Turanci ne, na arewa da na kudu, kamar Basakkwace da Bakano a kasuwa ɗaya.

Na san abin da za ku ce. Manhaja ta yi yawa, lokaci kaɗan ne, ga WAEC ga NECO ga JAMB suna jira, kuma ba mai tambayar yaro asalin lady a jarrabawa. Gaskiya ne. Amma za a ajiye masa kalmar da bai taɓa gani ba a ce ya zaɓi mafi kusa da ita a ma'ana, kuma a wannan lokaci haddar jiya ba za ta cece shi ba. Wanda ya saba fiɗar kalma, ya ware ɗafa-goshi da saiwa da ɗafa-ƙeya, shi zai tsira. Wanda ya san port ɗauka ce a Latin ba zai ruɗe da import da export da transport da portable ba. Ba sabon darasi nake nema a jadawali ba. Minti biyar a farkon darasi sun isa: kalma ɗaya, daga ina ta zo, me take nufi dā, me take nufi yau, wace kalmar Hausa ce ta yi irin tafiyarta. Ku kuma nuna musu wurin da ƙamus ke ba da asalin kalma, domin da yawansu suna da waya a gida, kuma ba su san akwai wannan sashe ba. Malaman kwalejojin ilimi, ku ma maganar ta shafe ku, don abin da ba a ba ɗalibin malanta ba, ba zai bayar ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne ya fi mini nauyi. Har yanzu akwai makarantun da ake cin yaro tara ko a sa shi durƙuso a rana don ya yi Hausa, a rubuta sunansa cikin masu yin “vernacular”. Na yi wannan hukunci da kaina a shekarun farko na aikina, kuma ina nadamarsa. Ku san abin da kalmar ke ɗauke da shi: daga verna ta Latin take, bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, wanda mu muke kira bacucane. Turanci kansa ya yi zaman wannan matsayi a ƙasarsa, a ƙarƙashin Latin da Faransanci, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da shi a kotunan Ingila. Ban ce a daina sa yara yin Turanci a ajin Turanci ba, harshe sai da amfani. Amma duk misalan da na kawo a wannan wasiƙa, da Hausa na buɗe wa jikata su, kuma malamin Hausa yana nan ofis ɗaya da ku, yana koyar da ɗafa-ƙeya da ɗafa-goshi ga yaran nan dai da kuke koyarwa. Ku zauna da shi ko sau ɗaya a zango, ku jera -ness da -hood kusa da -ci da -ta da -taka a kan allo ɗaya.

Ita dai yarinyar ta yanke wani tsohon littafi biyu ta mai da shi nata ƙamus, kowane shafi kalma ɗaya da labarinta. Jiya ta tare ni a zaure tana tambaya ko hospital da hotel dangi ne, tunda ta ga farkonsu ya yi kama. Na ce mata wannan karon kamannin na gaskiya ne, dukansu daga hospes ta Latin suke, wato baƙo ko mai masaukinsa, kuma asibiti da otal ɗinmu jikokinsu ne. Ta ce za ta kai wa malaminsu ranar Litinin. Idan ɗayanku ne, don Allah ya saurare ta.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin aji.